MAI TAFIYA DA SANDAR ASIBITI: HATTARA DA SANTSI



Maigida, in kana da mai karaya a gida, zamewa ɗaya na iya warware ɗorin makonni. Daga Jibia zuwa Magama, bakin iyakar Nijar, taɓon damina kan manne a gindin sanda, ya biyo mutum har kan tayil da wurin alwala.

Don haka:

• Goge robar gindin sandar kafin shiga gida. In ta siɗe, a canza ta.
• Ya rage faɗin taku, sandunan kusa da jiki.
• Ɗauke tabarma daga hanyarsa, a tsane banɗaki.
• Kawo masa buta ya yi alwala a zaune.

Tsayuwa ta gagara? Shari'a ta halatta masa sallah a zaune.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.