Kafin Ka Nemi Jari, Nemi Wanda Ya San Hanya

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar matasa a Kano, Kaduna ko Sakkwato ya ji wannan magana: "Ni dai jari kawai nake nema." Wanda ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba yana faɗin ta, haka ma matar auren da ke son ta kama sana'a daga cikin gida. Amma idan ka kai zancen gaban tsofaffin 'yan kasuwar Kantin Kwari ko Singa, sai ka ga sun girgiza kai. Sun ga yara da yawa da aka danƙa wa kuɗi, kafin shekara ta zagayo uwar kuɗin ta narke. Galibi rashin sani ne ya karya su: ba su san inda ake saro kaya da sauƙi ba, ba su san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri ba, ba su san lokacin da kaya ke tashi da lokacin da yake kwantai ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ya nuna cewa a 2020 akwai irin waɗannan sana'o'i kusan miliyan 40 a Najeriya, mafi rinjayensu ƙanana ƙwarai. Ke nan duk sana'ar da ta zo maka a rai, wani ya riga ka, kuma a wurinsa ilimin yake.

Shi ya sa kasuwa ita ce makaranta ta farko. Tsarin ubangida da yaron shago ya daɗe yana wannan aiki: yaro ya yi shekaru yana buɗe shago, yana awo, yana bin bashi, kafin a sallame shi da jari. Abin da ya fi kuɗin sallamar daraja shi ne sanin mutane, domin manyan diloli za su ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi, albarkacin ubangidansa. Wanda ba shi da shekarun da zai yi haka zai iya ware ko wata guda ne. Mai sha'awar harkar hatsi, alal misali, ya je kasuwar Dawanau ya zauna kusa da dillali, ya yi tambayoyin da ba a samun amsarsu a intanet. Nawa ne dakon buhu daga mota zuwa rumbu? Nawa ne la'ada? Wake da aka saya da kaka, nawa yake ragewa kafin bazara idan ƙwari suka shiga? Wanda ya lissafa riba bai sa waɗannan ba, ya ƙirga kuɗin da ba nasa ba.

Makaranta ta biyu kuma ofis ce, kuma a nan ne da yawanmu ke ja da baya. Ɗauki misalin matar da ke daka yaji mai daɗi, maƙwabta na saye, 'yan biki na yin oda. Ran nan ta zuba shi a robobi masu kyau ta kai babban kanti. Manaja ya ɗanɗana, ya yaba, sannan ya juya robar ya ce: "Hajiya, ina lambar NAFDAC?" Ta nufi NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, can ma aka nemi shaidar rajistar kasuwancinta, aka kuma ce sai an ga wurin da take aikin. Da ta je banki don buɗe asusu da sunan sana'ar, takardar rajistar dai aka sake nema. Ashe mabuɗin duka ƙofofin nan yana CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Rajistar iri biyu ce ga mai farawa. Akwai rajistar sunan kasuwanci, wadda ta fi araha, sai dai a idon doka kai da sana'ar abu ɗaya ne, bashinta bashinka ne. Akwai kuma kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda dukiyarsa daban take da ta mai shi. Dā sai mutum biyu ke kafa irin wannan kamfani, amma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ana yin rajistar ta shafin hukumar, kuma ko da za ka ba wakili ya yi maka, ka fara duba farashin hukuma don ka san ladan da ya ɗora a kai.

Sai maganar kuɗi, kuma kowace ƙofa da irin baƙon da take karɓa. SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, ƙarfinta horo ne da shawara da haɗa mutane da masu ba da rance. Bankin Masana'antu, BOI, ya fi karkata ga masu sarrafa kaya, kamar mai injin casar shinkafa ko matsar man gyaɗa. Bankin Raya Ƙasa, DBN, da ya fara aiki a 2017, ba ya ba mutum rance hannu da hannu, sai ta bankunan kasuwanci da na masu ƙaramin ƙarfi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuma yana da mafita: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha, bankin ne zai sayi injin da kake so ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kai, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Batun jingina ma ya sauƙaƙa a takarda, domin wata doka ta 2017 ta yarda a jinginar da kadarar da ake iya ɗagawa, kamar mota ko inji, ba sai fili ko gida ba. Akwai kuma Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba waɗanda ta zaɓa horo da jarin dala 5,000. Takan buɗe neman shiga a farkon watan Janairu, kuma masu nema sun ninka gurabe nesa ba kusa ba.

Duk waɗannan wurare tambaya ɗaya suke farawa da ita: ina lissafinka? Littafi guda da ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita na wata shida ya fi dogon bayani tasiri, haka nan asusun da ba a gwama kuɗin cefane da na sana'a a cikinsa ba. Ko uwar adashi ma sai ta ga yadda kake zubi kafin ta ba ka kwasar farko.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in ya tambayi wanda ya san gari. Saƙonnin "tallafin gwamnati" da ke yawo a WhatsApp, masu cewa ka biya kuɗin fom ko ka turo lambar sirrin katinka, tarko ne. Adireshin shafukan hukumomin tarayya yakan ƙare da gov.ng, kuma idan zuciyarka ba ta kwanta ba, taka ka je ofishinsu na jiharka. Waɗanda suka zuba jarinsu a harkar damfarar MMM kafin ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, da waɗanda damfarar CBEX ta rutsa da su a Afrilun 2025, da yawa daga bakin aboki suka ji labarin, ba su kuma ƙara tambayar kowa ba.

Saboda haka ranar da za ka durƙusa gaban Baba ko Kawu neman jari, ka je da littafinka a hannu. Idan ya ce maka nawa ne dakon buhu, ya kasance kana da amsa.