Alƙali Ya Yi Kuskuren Ƙidayar Kwana, Fursuna Ya Rasa Ƙararsa

Ranar 26 ga watan Fabrairu, 2004, lauyan wani fursuna mai suna Keith Bowles ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara a wata kotun tarayya da ke jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Bisa ga umurnin da alƙalin kotun ya sa wa hannu, akwai sauran kwana guda a gabansa, domin alƙali ya ce wa'adi sai ranar 27 zai cika. Amma bisa ga dokar da majalisar ƙasar ta kafa, ya riga ya makara da kwana biyu. A kan waɗannan kwanaki biyu aka yi ta kai da komowa har shekara uku, daga bisani Kotun Ƙoli ta ce ba za a saurari ƙarar ba.

Asalin maganar shi ne, a shekarar 1999 wata kotun jihar Ohayo ta sami Bowles da laifin kisan kai saboda hannunsa a dukan da aka yi wa wani mutum har ya mutu, aka yanke masa ɗaurin da ya kama daga shekara 15 zuwa rai da rai. Da kotunan jiha suka ƙi sauya hukuncin sai ya garzaya kotun tarayya yana cewa tsarewar da ake yi masa ta saɓa wa tsarin mulki. Ranar 9 ga Satumba, 2003, kotun ta kori ƙararsa. Doka ta ba shi kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, kwanakin suka wuce bai yi ba.

To, ita dokar ta bar wata 'yar ƙofa. Wanda sanarwar hukunci ba ta iske shi a kan kari ba yana iya roƙon alƙali ya sake buɗe masa lokaci, alƙali kuwa yana da ikon ba shi kwana 14 daga ranar da aka shigar da umurnin a rajistar kotu. Bowles ya yi wannan roƙo ranar 12 ga Disamba, alƙali ya amince ranar 10 ga Fabrairu, 2004. Sai dai maimakon ya rubuta 24 ga wata, sai ya rubuta 27, watau kwana 17 ke nan. Lauya ya bi abin da ya gani a takarda.

Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai zama a birnin Sinsinati ta ce ba ta da hurumin duba maganar ko kaɗan. Ranar 14 ga Yuni, 2007, Kotun Ƙoli ta goyi bayanta, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mai Shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya kafa hujja da cewa majalisa ce ke da ikon faɗin irin ƙarar da kotunan tarayya za su saurara da lokacin da za su saurare ta. Tun da majalisa ce da kanta ta rubuta kwana 14 a doka, babu alƙalin da zai ƙara ko da yini guda, da gangan ko da kuskure, kuma tausayi ba ya ba kotu ikon da ba ta da shi. Ya ce idan ana ganin abin ya yi tsanani, a koma wa majalisa ta sassauta. A nan take kuma kotun ta soke wasu hukunce-hukuncenta biyu na 1962 da 1964, waɗanda a da suke ceton wanda ya makara saboda ya dogara da maganar alƙali.

Don a san kotun ba da wasa take yi ba, Thomas ya kawo misalin wani mai suna Ryan Dickson wanda aka yanke wa hukuncin kisa, takardarsa ta iso Kotun Ƙoli a makare da kwana ɗaya tak, akawun kotu ya ƙi karɓa. An zartar masa da hukuncin ranar 26 ga Afrilu, 2007, ba tare da ko alƙali ɗaya ya ga takardar ba.

Mai Shari'a David Souter, da yawun alƙalai huɗun da ba su yarda ba, ya ce abin da aka yi wa Bowles abu ne da bai kamata a lamunta ba. Mai karatu ya duba da kyau, gaskiyarsa a fili take. Mutumin da ke kulle a kurkuku ba shi da wata hanyar sanin doka da ta wuce lauyansa da alƙalin da ke gabansa. Alƙali ya ce yi kaza ranar kaza, ya yi, sannan a juyo a ce laifinsa ne da ya gaskata alƙali. Ana iya cewa da lauyan ya ɗauko kalanda ya ƙidaya da kansa da ya gano kuskuren, kuma haka ne. Amma ba lauyan ne ya ci gaba da zaman kaso ba, ba kuma alƙalin ba ne.

Masu goyon bayan hukuncin su ma suna da abin faɗa. Dole shari'a ta kasance tana da ƙarshe, ko don iyalan wanda aka kashe su huta da zaryar kotu, kuma wa'adin da kowane alƙali zai iya miƙar da shi yadda ya ga dama ya tashi daga wa'adi. Sai dai wannan hujja ta fi dacewa da mai sakaci, alhali Bowles a karo na biyun umurni ya bi.

A nan Nijeriya ma akwai irin waɗannan wa'adodi. Wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukunci a shari'ar laifi yana da kwana 90 ya kai kukansa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can zuwa Kotun Ƙoli kuwa kwana 30 ne. Bambancin shi ne dokokinmu sun ba waɗannan kotuna ikon ƙara lokaci, muddin mai roƙo ya kawo ƙwararan dalilan jinkirinsa a takardar rantsuwa, ya kuma nuna akwai abin dubawa a ƙarar tasa.

A Amurka an ɗan sassauta daga baya. A watan Nuwamba na 2017, a shari'ar wata mata mai suna Hamer, alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce wa'adin da yake cikin ƙa'idojin kotu kaɗai, wanda majalisa ba ta rubuta a doka ba, ƙetare shi ba ya raba kotu da huruminta, har ma abokin shari'a yana iya yafe shi ko ya rasa damar ƙorafi idan ya yi shiru. Wannan sassauci bai shafi irin matsalar Bowles ba, domin nasa wa'adin na majalisa ne, kuma kwana 14 ɗin nan suna nan a cikin dokar har gobe.