Gaskiya ko Jita-jita: "Ai shi ya roƙa" na wanke mutum a gaban alƙali?

Ana jin cewa a ƙasashen Turawa, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita na da izinin ƙarasa majinyaci. Wannan rabin gaskiya ne. Dokokinsu na duba hannun wa ya yi aikin ƙarshe. A Suwizalan, tun 1942 ba a hukunta wanda ya taimaki mutum ya ɗauki ransa da kansa, muddin ba don wata riba ya yi ba. Amma wanda ya kashe shi da hannunsa, ko da roƙonsa aka yi, ya yi laifi. A Amurka, likita Jack Kevorkian ya sha kuɓuta a kotu kan irin wannan taimako. Da ya yi wa wani majinyaci allura da hannunsa a 1998, sai aka kama shi da laifin kisa, ya yi shekara 8 a kurkuku. Holan da Beljiyam kuwa sun halatta wa likita aikin a 2002, bisa sharuɗɗa.

A Nijar kuwa, tun daga dokar hukunta laifuka ta 1961, kisan ganganci kisa ne. Tausayi ba ya sauya masa suna, yardar mamaci ba ta wanke mai shi, kuma wanda aka shirya tun da wuri ya fi nauyi. Malamanmu ma a kan haka suke: rai amana ce, mai ita bai da ikon ba da ita.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce wadda ke ci wa iyalai rai a Affala. An kai tsoho babban asibitin Tahoua, likita ya ce abin ya wuce magani, 'ya'ya suka maido shi gida ya cika a ɗakinsa, ana laƙƙana masa kalmar shahada. Sai a fara raɗa cewa su suka kashe shi. Ba haka ba ne. Ciwo ya ɗauke shi, ba hannun kowa ba. Barin maganin da ya daina amfani daban, yin abin da zai katse numfashi daban. Majalisar fiƙihu ta Makka ma, a 1987, ta yarda a cire na'urar taimakon numfashi daga wanda ƙwararrun likitoci uku suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki har abada.

Sai dai likita ne zai ce magani ya ƙare, ba gajiyar 'yan jinya ba. Kafin a bar asibiti, a nemi maganin rage raɗaɗi, a tambayi yadda za a riƙa ba shi a gida.