Ko Kun Sani? Rijiyoyin Mutanen Maya

A arewacin Yukatan da ke ƙasar Meziko, da wuya ka ga kogi a doron ƙasa. Ruwan sama yakan nutse cikin dutsen farar ƙasa, ya bi ta ƙarƙashi. Inda rufin kogo ya rufta, sai rijiya ta buɗe da kanta, wadda ake kira senote. Da irin waɗannan rijiyoyi birnin Chichen Itza ya rayu.

Yau baƙi kan sauka matakala su yi iyo a rijiyar Ik Kil, kusa da kufan birnin, saiwoyi na reto a kansu. Amma rijiyar da aka keɓe wa Chaak, abin bautar mutanen Maya na ruwan sama, daban ce. Da aka fara yasarta a 1904, an tsamo zinariya, turare da ƙasusuwan mutane. Ba a iyo a cikinta.