Funfunar da Bishiyar Fayin Ba Ta Rayuwa Sai da Ita

Shekara da shekaru ma'aikatan gandun daji a tsibirin Fwato Riko suna shuka irin bishiyar fayin suna tashi a tutar babu. Iri ya tsiro lafiya lau, ya yi ɗan tsawon yatsa, sai ganyensa mai kama da allura ya koma rawaya, tsiron ya tsugune, daga nan sai mutuwa. An canza iri, an ƙara ruwa, an zuba taki, duk a banza. A 1955 aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, aka barbaɗa wa wasu dashe, aka bar wasu haka nan. Waɗanda suka samu ƙasar suka miƙe. Sauran kuwa yawancinsu suka bi na baya.

Abin da ke cikin ƙasar nan funfuna ce mai rai, dangin naman kaza. Tun 1885 wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Frank, ya raɗa wa zaman tarenta da saiwa suna maikoriza, wato saiwar funfuna. Takan naɗe bakin ƙananan saiwoyi kamar safa, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin halittar saiwar ba tare da ta huda su ba, sannan ta baza zarenta, wanda ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, cikin lungunan ƙasa da saiwa ba ta iya shiga. Daga can take jawo ruwa da sinadaran fosfaras da naitirojin. Ita kuma bishiya ta biya ta da sukarin da ganyenta ya haɗa. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Fayin ya fi yawancin itatuwa dogaro da wannan ciniki domin saiwarsa kakkaura ce, ba ta da yalwar gashin tsotso.

Ana iya ganin abin da ido. In aka yaga ledar dashe mai lafiya aka karkaɗe ƙasar a hankali, za a tarar da gajerun saiwoyi sun kumbura sun rabu gida biyu kamar baushen roba ta harbin tsuntsu, ga farin zare ko ruwan ɗorawa ya riƙe ƙasar dunƙule, ga ƙamshin naman kaza.

Hanya mafi sauƙi ta sa wa dashe wannan funfuna ita ce ta Fwato Riko: a kankaro ƙasar sama daga tsohon gandun fayin a gauraya kaɗan cikin ƙasar reno. Arha gare ta, amma tana da nauyin ɗauka, kuma takan shigo da cuta da irin ciyawa. A Indonesiya sukan dasa ƙananan fayin masu funfunar a tsakiyar fangali, ta yaɗu da kanta zuwa sababbin tsirrai. Wasu kuma sukan murje busasshen naman kazar a ruwa su yi ban-ruwa da garin. Mai reno yana iya rusa aikin da hannunsa idan ya labta takin zamani mai yawan fosfaras ko ya feshe ƙasa da maganin funfuna barkatai, don bishiyar da ta ƙoshi ba ta neman abokiyar ciniki.

Fayin baƙo ne a Najeriya, kuma ba shi ne kashurina ba, ko da yake ana yawan rikita su saboda kamannin ganye. Na gaskiyar, musamman jinsin Karebiyan, an shuka shi a Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunukan Jos, da fatan samun katako da itacen yin takarda. A nan matsalar zafi ce: funfunar da ta saba da sanyi takan sare idan ƙasa ta ɗau rana a bazara. Shi ya sa hankali ya koma kan wata mai suna Pisolithus tinctorius, wadda Donald Marx na hukumar gandun dajin Amurka ya yi fice wajen nazarinta, mai jure zafi da ƙasa mai tsami har ta tsofaffin ramukan haƙar kwal. Masu bincike a tashar gandun daji ta Samaru, Zariya, sun gwada ta a kan fayin a shekarun 1970. Naman kazarta dunƙule ne mai ruwan ƙasa, mummuna kamar kashin jaki, in ya bushe aka taka shi sai ya tashi da ƙura, kuma ƙurar nan ita ce irin da ake tarawa a kai wurin reno.