Allurar Rage Ƙiba A Ingila: A Jira Gwamnati Ko A Biya Daga Aljihu?

Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko 'ya, ƙane ko ƙanwa, da suke zaune a ƙasar Ingila, waɗansu suna karatu, waɗansu kuma suna aikin jinya, gama 'yan Nijeriya suna cikin baƙin da suka fi yawa a ma'aikatan asibitocin gwamnatin ƙasar. Duk wanda yake gaisawa da su a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai ji labarin wata allura ba wadda akan yi sau ɗaya a mako, mai ƙiba ya zube ba tare da ya yi ciwo ba. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne yadda ake samunta. Ƙofa biyu ce. Ɗaya ta asibitin gwamnati ce, kusan kyauta, amma ƙunƙuntacciya. Ɗayar kuwa a buɗe take ga duk mai kuɗi. Mun ga ya dace mu bincika su duka biyu, domin wanda zai ba ɗan'uwansa shawara ya san abin da yake faɗa.

Mece Ce Allurar?

Sa'ad da mutum ya ci abinci, hanjinsa yakan fitar da wani sinadari mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki ya cika. Allurar nan kwaikwayon sinadarin take yi. Takan rage jin yunwa, ta kuma sa abinci ya daɗe a ciki kafin ya wuce, har wanda ya saba cinye kwano guda ya ga rabi ya ishe shi. Mutum da kansa yake tsira ta a fatar ciki ko a cinya, da wani abu mai kama da alƙalami.

Iri biyu ne suka fi suna. Akwai Wegovy ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, wadda ta shiga Birtaniya a watan Satumba na 2023. Akwai kuma Mounjaro ta kamfanin Eli Lilly na Amurka. A gwajin da aka buga a 2021, mutanen da suka yi mako 68 suna shan allurar Wegovy sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. A gwajin Mounjaro da aka buga a 2022, waɗanda aka ba mafi ƙarfinta sun rage kusan kashi 21 cikin 100 a mako 72. Wato mai kilo 120 yana iya sauke kilo 25. Wani gwaji kuma na 2023, a kan mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, ya nuna maganin da yake cikin Wegovy ya rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 20 cikin 100. Ashe maganar ta wuce ta ado, ta shafi rai.

Ƙofar Gwamnati

Tun ranar 5 ga Yuli 1948 Birtaniya take da tsarin kiwon lafiya wanda ake kira NHS, inda mazaunin ƙasa yakan ga likita ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba, gama da harajin jama'a ake gudanar da shi. A Ingila, a 2025, fam 9.90 ake biya a kan kowane magani da likita ya rubuta, kowane irin tsada gare shi. Mai shan magunguna da yawa yana iya yankar takardar shekara a kan fam 114.50. Tsofaffi daga shekara 60 da masu shan maganin ciwon sukari ba sa biyan ko kwabo.

To, tun da shi ke kuɗin na jama'a ne, akwai hukuma mai suna NICE wadda take auna kowane sabon magani ta ga ko amfaninsa ya kai kuɗinsa. A watan Maris na 2023 ta yarda da Wegovy, amma bisa sharaɗin cewa sai ta hannun asibitocin musamman masu kula da ƙiba, ba za a kuma wuce shekara biyu ana ba mutum ba. Asibitocin nan kaɗan ne, layinsu kuwa dogo ne.

A watan Disamba na 2024 ta yarda da Mounjaro. Da aka yi lissafi sai aka tarar mutum kimanin miliyan 3.4 a Ingila sun cancanta. Ba likitocin da za su duba su gaba ɗaya, ba kuma kuɗin. Saboda haka aka shirya a raba aikin cikin shekara 12, a fara da mutum 220,000 a shekara uku na fari. Daga ranar 23 ga Yuni 2025 aka ba likitocin unguwa izinin rubuta ta.

Ga yadda aka tace na fari. Likitoci suna da wani ma'auni da suke kira BMI, wato a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Rukunin fari sai wanda awonsa ya kai 40, yana kuma fama da aƙalla huɗu daga cikin cututtuka biyar: ciwon sukari irin na manya, hawan jini, ciwon zuciya da jijiyoyin jini, yawan maiƙo cikin jini, da ɗaukewar numfashi cikin barci. Ga mai tsawon mita 1.70, awon 40 yana nufin kilo 116 ke nan. A nan akwai abin da ya shafi 'yan'uwanmu kai tsaye: ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya, an rage awon da 2.5, domin ciwon sukari yakan kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. Wato namu 37.5 ne, kimanin kilo 108 ga mai tsawon nan. An kuma tsara a riƙa sassauta sharuɗɗan kaɗan-kaɗan a 2026 da 2027.

Ko wanda ya cika sharuɗɗan ma bai tsira daga jira ba. A watan Satumba na 2025 mujallar likitoci ta BMJ ta ba da rahoto cewa daga cikin hukumomin lafiya na yankuna 42 da Ingila take da su a lokacin, 18 ne kaɗai suka tabbatar sun fara bayarwa. Amma fa wanda ya samu, ya sami abu mai kyau. Likitan da ya rubuta masa yana riƙe da tarihin lafiyarsa, ana haɗa masa da koyarwa a kan abinci da motsa jiki, in kuma ya yi wata shida bai rage kashi 5 cikin 100 ba, a sake duba ko ya kamata ya ci gaba.

Ƙofar Kuɗi

A kemis mai rajista, ko na kan titi ko na intanet, sharaɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Awon 30 ya isa, ko 27 in akwai wata cuta mai nasaba da ƙiba. Ga mai tsawon mita 1.70, kilo 87 ke nan. Cikin 'yan kwanaki akan aiko da allurar har gida a cikin kwalin sanyi. A 2025 an ƙiyasta mutum wajen miliyan 1.5 a Birtaniya suna amfani da irin allurar nan, mafi yawansu kuwa daga aljihunsu suke biya.

Da fari waɗansu kemis na intanet tambayoyi kawai suke sa mutum ya cika, har siraran 'yan mata suna ƙara wa kansu nauyi a takarda su saya. Sai a watan Fabrairu na 2025 hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta hana dogara ga takardar tambayoyi kaɗai, ta ce dole a tabbatar da nauyi da tsawon mai saye ta wata hanya dabam, kamar ganinsa ido da ido, ko ta bidiyo, ko duba takardun asibitinsa.

Babbar damuwar ƙofar nan ita ce farashi, gama ba a hannun mai saye yake ba. Daga 1 ga Satumba 2025 kamfanin Eli Lilly ya ɗaga farashin Mounjaro a Birtaniya, mafi ƙarfinta na mako huɗu ya tashi daga fam 122 zuwa fam 330 a jerin farashinsa, ko da shi ke ya yi wa masu kemis rangwame. Ƙarin bai taɓa farashin da gwamnati take saye ba. Waɗanda ya daka su ne masu biya da kansu.

Mu Ɗauki Misali

A ce mata biyu ne maƙwabta, tsawonsu ɗaya. Ta farin tana da kilo 90, ba ta da wani ciwo, albashinta mai kauri ne. Yau ta nema, mako mai zuwa ta fara. Ta biyun tana da kilo 105, ga hawan jini, ga ciwon gwiwa, aikin shara take yi da dare. Gwamnati ta ce ba ta cikin rukunin fari, kemis kuwa ya ce ta kawo kuɗi. In ma an ce fam 200 ne a wata, fam 2,400 ke nan a shekara, ban da kuɗin haya da na wuta da ɗan abin da take aiko wa iyayenta a gida. Wadda ta fi bukata ita ce ba ta samu ba. Haka abin yake a ƙasar, gama ƙiba ta fi yawa a unguwannin matalauta, saye kuwa ya fi sauƙi a unguwannin masu hali.

Ba mu ga laifin gwamnati da ta fara da waɗanda ransu ya fi shiga haɗari ba, domin daidai ruwa daidai tsaki. Ba mu kuma ga laifin wanda ya biya don lafiyarsa ba. Sai dai shekara 12 ba kwana 12 ba ce ga mai hawan jini.

Ranar Da Aka Daina

Wannan shi ne abin da muke so mai karatu ya riƙe. Allurar ba ta warkar da ƙiba, riƙe ta take yi, kamar yadda maganin hawan jini yake riƙe jini. Da aka bi sawun waɗansu daga cikin mutanen gwajin Wegovy, rahoton 2022 ya nuna cewa shekara guda bayan sun daina, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka sauke ya komo. Saboda haka wanda ya tara kuɗin wata uku ya fara, yana iya wayi gari ba kuɗin, ga ƙibar ta dawo. Kada kuma ya ɗauka in aljihunsa ya gaza gwamnati za ta karɓe shi nan take. Sai ya cika sharuɗɗanta kamar kowa.

Allurar tana da nata wahalar. Tashin zuciya, amai, gudawa da taurin bayan gida sun zama ruwan dare, musamman sa'ad da aka ƙara ƙarfinta. Waɗansu kaɗan sukan sami tsakuwa a maɗaciya, ko kumburin sashen cikin da yake fitar da insulin, wanda yakan zo da matsanancin ciwon ciki mai ratsawa har baya, ya kuwa wajaba a garzaya asibiti. A watan Yuni na 2025 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta gargaɗi mata kada su yi ta suna da ciki, ko suna neman haihuwa, ko suna shayarwa. Ta ƙara da cewa Mounjaro tana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

Ƙofa Ta Uku

Inda layi ya yi tsawo, farashi kuma ya yi tsada, macuta sukan buɗe tasu ƙofa. A watan Oktoba na 2023 hukumar magungunan ta sanar cewa an kama jabun alƙaluman Ozempic, wato allurar ciwon sukari mai magani iri ɗaya da Wegovy, an kuma kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi amfani da su, alamu kuwa sun nuna insulin aka ɗura a ciki. A watan Oktoba na 2025 aka kai samame wata haramtacciyar masana'antar allurar a garin Northampton. Duk allurar da aka tallata a Facebook ko TikTok, ko a shagon gyaran gashi, ba takardar likita, a guje ta. Araha ba ta ado, balle a abin da za a tsira a jiki.

Shawararmu

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke can, fara da likitan unguwarka, ko da kana ganin ba ka cancanta ba. A auna jininka da sukarinka, gama mutane da yawa suna ɗauke da cututtukan nan ba su sani ba. Ka tuna masa da ragin awon da aka yi wa 'yan asalin Afirka. In ka zaɓi biya, ka tabbata kemis ɗin yana da rajista, ka yi lissafin shekara guda ko biyu kafin ka tsira ta fari, ka kuma yarda a sanar da likitanka. Ka gyara cinka da tafiyarka tun kana kan allurar, domin su ne za su rage maka ranar da ka ajiye ta.

Mu kuma na gida, kada mu roƙi a aiko mana da ita cikin jaka kamar tsaraba. Magani ne mai bukatar sanyi, mai bukatar awo da idon likita. In 'yarmu ta ce tana biyan kuɗin allura don hawan jini ya taso mata, mu rage mata nauyin aike na ɗan lokaci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.