Kusufin 2034: Inuwar Wata Za Ta Wuce Ta Ƙofar Abuja

Ranar Litinin, 20 ga Maris, 2034, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, duhu zai rufe Lafiya da Lakwaja tamkar an yi magariba, alhali a Abuja, wadda ke kimanin kilomita 200 daga kowannensu, rana ba za ta ɓace ba. Wata zai rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na fuskarta, haske ya dusashe a Sakatariyar Tarayya da Maitama da Garki, amma ɗan gefen da ya rage zai hana mazauna birnin ganin cikakken kusufi. Wanda yake son ganinsa dole ya ɗauki jaka ya kama hanya.

Dalilin haka yana cikin yadda kusufin rana yake aukuwa. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400, shi ya sa suke zama kamar girmansu ɗaya a ido. Idan wata ya ratsa daidai tsakanin rana da duniya, abin da ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, sai inuwarsa ta faɗo ƙasa. Inuwar siririya ce, a wannan karon faɗinta bai kai kilomita 160 ba, kuma tana gudun da ya haura kilomita 2,000 a sa'a. Wanda ke cikinta ne kaɗai yake ganin rana ta rufe ruf, taurari masu haske su fito, iska ta yi sanyi, tsuntsaye su nufi sheƙa, sannan wani farin rawanin haske ya bayyana kewaye da baƙin wata. Wannan rawani shi ne iskar da ke lulluɓe da rana, wadda ƙarfin hasken ranar ke ɓoyewa a kullum. Masana taurari sun ƙiyasta cewa, a matsakaici, wuri ɗaya kan yi kusan shekara 375 kafin inuwar ta sake bi ta kansa.

Arewa ta samu nata rabon ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006. Inuwar ta taso daga gabashin Barazil, ta haye tekun Atalantika, ta sauka a Gana da Togo da Binin, ta shigo Najeriya ta wajen Shaki a jihar Oyo. Daga nan ta bi ta Gusau da Katsina da hantsi, ta taɓa Maraɗi, ta ratsa hamadar Nijar zuwa iyakar Chadi da Libiya, inda duhun ya kai minti 4 da daƙiƙa 7. Kano da Abuja ba su shiga ba. Kusufin ɓangare kawai suka gani. A lokacin baƙi daga Turai da Amurka sun yi tururuwa zuwa hamadar Libiya da garin Sallum na Masar da gaɓar Turkiyya, ɗauke da kyamarori da na'urorin hangen nesa, yayin da mutanen Katsina suka samu abin a tsakar gidajensu ba tare da sun biya ko sisi ba.

Ta 2034 za ta shigo ne ta Legas, ta ratsa jihohin Kogi da Nasarawa, ta nufi arewa maso gabas zuwa Kamaru da Chadi, inda za ta fi daɗewa da minti 4 da daƙiƙa 9, kafin ta wuce Sudan da Masar da Saudiyya. Mazaunin Abuja yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ta Kefi da Akwanga zuwa Lafiya, wadda ke dab da tsakiyar inuwar, inda duhun zai haura minti 3. Ta biyu ita ce ta Gwagwalada da Abaji zuwa Lakwaja, inda Dutsen Patti ke kallon mahaɗar kogin Kwara da Binuwai. Duk wanda ya san cunkoson Nyanya da Mararaba a safiyar Litinin ya san ba tafiyar da za a bari sai ranar ba ce. Kwana can ya fi. Tun da ranar aiki ce, ma'aikaci zai so ya sanya ta cikin lissafin hutunsa na shekara. Akwai kuma batun sararin sama: a ƙarshen Maris gajimare ya fi yawa a Legas da kudu, inda damina ke kankama, yayin da can arewa hazo ne abin fargaba. Tsofaffin masu bin kusufi kan tanadi wuri biyu da mota cike da mai, su yanke shawara bayan sun ga hasashen yanayi.

Mai hali da ba ya son jira yana da dama kafin nan. Ranar 2 ga Agusta, 2027, wata inuwar za ta bi ta kudancin Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ta yi fiye da minti 6 a kusa da Luksor ta Masar, sannan ta rufe Jidda da Makka. Mai niyyar Umara a wannan shekara na iya daidaita tafiyarsa da ranar.

Game da ɗaukar hoto, ido ne farkon abin karewa. Kallon rana kai tsaye, ko da saura ɗan siririn gefe, yana ƙona bayan ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, kuma lahanin na iya zama na dindindin. Baƙin gilashin kwalliya ba ya kariya, haka gilashin da aka shafa wa hayaƙi. Abin da ake buƙata shi ne tabarau na musamman mai lambar inganci ISO 12312-2. Kyamara da madubin hangen nesa su ma sai an rufe gabansu da matatar hasken rana, domin suna tattara zafi wuri ɗaya. Ana cire matatar ne kawai idan rana ta rufe gaba ɗaya, a mayar da ita da zarar ɗigon haske na farko ya leƙo. A kafa kyamara kan maƙali mai ƙafa uku, a saita ta da hannu, a gwada tun kwanaki kafin ranar. Mai wayar salula kuwa gara ya ɗauki bidiyon jama'a da sauyin haske, domin rana a wayar ɗigo ce kawai. Hoton kusufi ba abin rainawa ba ne: hotunan da Arthur Eddington ya ɗauka a tsibirin Firinsipe, a mashigin tekun Gini, ranar 29 ga Mayu, 1919, suna cikin hujjojin farko da suka gaskata ra'ayin Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari.

Sauran aikin na hukuma ne. A Janairun 2001, kusufin wata ya zama sanadin tarzoma a Maiduguri, inda wasu matasa suka ƙona otal-otal da mashaya bisa zaton zunubin gari ne ya jawo shi. Alhali koyarwar Musulunci a fili take: da rana ta yi kusufi ranar rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya bayyana wa jama'a cewa rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999 kuma hedikwatarta ke Lugbe, tare da ma'aikatun ilimi da lafiya da yaɗa labarai, suna da isasshen lokacin haɗa kai da limamai da malaman makaranta, da tanadin tabarau na gaskiya kafin jabu su cika kasuwar Wuse.

Yaron da ke aji ɗaya na firamare a yau zai kasance matashi a wannan safiya. Ko zai ga rawanin rana da lafiyayyen ido, ko za a kulle shi a ɗaki don tsoro, ya dogara ne da takardun da za su bi ta teburan ma'aikatu tun daga yanzu. Da ma Hausawa sun ce da safe ake kama fara.